Baba na son asalin gida, Yaya na son labarin wahala: me zan rubuta a takardar neman makarantar lauya?

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 24. A Kumasi aka haife ni, muka koma New York ina 'yar shekara 11. Na gama digirin farko a fannin tattalin arziki, kuma shekara biyu ke nan ina aiki da wata ƙungiya mai taimaka wa masu haya. Bana nake son neman makarantar lauya a nan Amurka. Na rubuta LSAT, jarrabawar shiga makarantar lauya, makina ba laifi. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne takardar bayanin kai, shafi biyun nan da ake so mutum ya rubuta game da kansa. Baba ya ce in rubuta cewa kakanmu ne ke raba gado da sasanta rigima a zango, in ambaci saukar Alƙur'anina da lambobin yabon da na samu. Yayana ya ce Turawa tausayi suke saye, in cika ta da talauci da hijabi da baƙar fata. Ƙawata ta ce in ba ChatGPT ya rubuta in huta. Ni kuwa abin da ke raina shi ne ranar da na raka Baba kotun gidajen haya ina 'yar shekara 15. Ba a samu tafinta ba ranar, lauyan mai gida ya tare mu a baranda da wata takarda, na fassara iya iyawata, Baba ya sa hannu. Daga baya muka gane ya amince da bashin da ya fi wanda ake bin mu. Baba ya ce rubuta wannan tonon asiri ne. Kuma makina ya faɗi a shekara ta biyu ta jami'a lokacin da Mama ta kwanta asibiti, ban san ko a nan zan yi bayaninsa ba. Ki taimaka mini.

Ɗiyarki daga New York

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ya sa ki nema a sa'a.

Mutum huɗu kun yi ta ja-in-ja a kan takarda ɗaya, amma babu wanda ya tsaya ya tambayi wa zai karanta ta. Ma'aikacin ofishin ɗaukar ɗalibai ne, a wasu makarantun har da malaman da ke koyarwa, kuma fayil ɗinki ɗaya ne cikin dubbai da ke shigowa a kakar. Kafin ya kai ga shafi biyunki ya riga ya ga makin LSAT ɗinki, wanda ake aunawa daga 120 zuwa 180. Ya ga sakamakon digirinki da hukumar LSAC, mai shirya jarrabawar, ta tattara ta aika, ya ga CV, ya ga wasiƙun malamanki. Abin da bai samu ba shi ne muryarki, domin makarantu da yawa ba sa yi wa kowane mai nema ganawa, takardar ce ke tsaya miki a madadin zama gaban kwamiti. Abu biyu yake nema a cikinta: yadda kanki yake aiki idan kin haɗu da matsala, da ko kin iya rubutu mai tsabta, tunda aikin lauya rabinsa rubutu ne. Kada kuma ki ɗora wa takardar abin da ya fi ƙarfinta. Kowace makarantar da ƙungiyar lauyoyin Amurka ta amince da ita tana wallafa matsakaicin makin ɗaliban da ta ɗauka duk shekara, ki duba ki ga inda kika faɗa. Bayanin kai ba ya goge maki, amma idan aka jera mutum goma masu maki kusa da juna ga kujera uku, shi ne ke raba gardama.

Shawarar Baba ta fito daga wuri mai kyau. A gida idan ana son a san mutum, ɗan wane ake tambaya, kuma wanda ya fito daga gidan da ake kawo ƙara ana sasantawa yana da abin tinƙaho. Sai dai kwamitin nan ke zai ɗauka, kakanku ba ya cikin masu nema. Kuskure ne da ake yawan yi: mutum ya ƙare shafi ɗaya da rabi yana yabon kakarsa ko mahaifinsa, mai karatu ya gama yana ƙaunar tsohuwar, bai san komai game da jikar ba. Idan zaman sasancin kakanku ya bar miki wani abu da kike amfani da shi yau, misali kin koyi a bar kowane ɓangare ya gama maganarsa kafin a tanka, to jimla biyu sun ishe shi. Lambobin yabo kuwa gidansu CV, maimaita su a nan ɓarnar fili ce. Saukar Alƙur'ani ma a CV za ki sa ta, ki faɗi shekarun da ta ɗauke ki, domin mai karatu ya gane aiki ne na shekaru da horon kai, tunda mai yiwuwa bai san nauyinta ba.

Yayanki ya tsinci rabin gaskiya. Wahalar da mutum ya sha tana da wuri a takarda, kuma ba a hana ki ambaton hijabi ko launin fata ba. A watan Yunin 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta hana jami'o'i fifita mai nema saboda launin fatarsa kawai, a shari'ar da aka yi da Harvard da Jami'ar North Carolina. Amma a cikin hukuncin, Alƙalin Alƙalai John Roberts ya bar ƙofa: mai nema na iya bayyana yadda launin fata ya shafi rayuwarsa, muddin abin ya nuna wani hali ko iyawa da shi kansa zai kawo wa makarantar. Ki lura da sharaɗin. Jerin abubuwan da suka same ki ba ya gaya wa kowa ko za ki iya karatun lauya. Abin da kika yi bayan sun same ki shi ke faɗa. Mai karatun nan ya ga labarin wahala iri-iri, wasu sun fi naki tsanani, kuma yana saurin gane wanda aka ƙara wa gishiri. Akwai kuma wani haɗari da Yaya bai hango ba: fayil ɗin nan ba ya mutuwa. Bayan kin gama, hukumar da ke tantance halin masu shiga aikin lauya a jiha tana iya neman takardun da kika cike lokacin neman makaranta. Duk abin da ba za ki iya maimaitawa a gabansu bayan shekara uku ba, kada ya shiga.

Labarin barandar kotu shi ne takardarki, kuma ina ganin ke ma kin sani, izini kawai kike nema. Yana da abin da sauran shawarwarin ba su da shi: kina ciki, kin yi wani abu, abin bai tafi daidai ba, kuma akwai zare da ya taso daga ranar ya biyo har aikin da kike yi yanzu. Amma labari mai kyau ma ana ɓata shi, saboda haka ga yadda za ki riƙe shi.

Shafi biyu masu tazara biyu tsakanin layuka, da harafi mai girman 11 ko 12, ba su wuce kalma 550 zuwa 700 ba. Fili kaɗan ne ƙwarai. Ranar kotun kada ta ci fiye da kashi ɗaya cikin uku. Ki shiga kai tsaye, ba sallama ba share fage. Kwatanta waɗannan biyun, ko da yake da Turanci za ki rubuta. Na farko: "Tun ina ƙarama nake da burin ganin adalci ya tabbata a duniya." Na biyu: "Takardar shafi biyu ce, lauyan ya ce minti biyar muke da shi, kuma ni kaɗai ce a cikinmu nake karanta Turanci." Jimlar farko mutum dubu za su iya rubuta ta a kakar nan, ta biyu ke kaɗai. Ki nemo ƙananan abubuwan da kike tunawa da gaske: kalmar da ke saman takardar wadda kika rasa Hausarta, abin da kika ce wa Baba a madadinta, yadda ya dube ki kafin ya karɓi biro. Uku ko huɗu irin waɗannan sun wadatar. Kada ki rubuta cewa zuciyarki ta karaya ko hawaye sun zubo, idan kin zana wurin daidai mai karatu zai ji da kansa. Kada kuma ki mai da lauyan mai gida dodo. Aikin wanda ya ɗauke shi yake yi, kuma mai neman zama lauya da ta nuna ta fahimci haka ta fi burge kwamiti a kan wadda ta zo da fushi kawai.

Inda yawancin masu nema ke faɗuwa shi ne bayan labarin. Sukan ba da shi da kyau, sai su yi tsalle zuwa "shi ya sa nake son zama lauya", a bar shekara tara babu komai a tsakani. Tsakiyar nan ita ce zuciyar takardar, ita ya kamata ta fi tsawo. Yarinya 'yar 15 ta fassara kalmomi iya iyawarta amma ba ta san abin da sa hannun yake jawowa ba. Yaushe kika gane cewa matsalar ta wuce ta harshe, cewa ko wanda aka haifa da Turanci zai iya sa hannu a kan abin da bai fahimta ba? Me kika yi da wannan ganewar? A nan aikinki na shekara biyu zai shigo, kuma a nan nake so ki yi ƙididdiga ta gaskiya: iyali nawa kika raka kotu, wace takarda kika fassara zuwa Hausa ko kika sauƙaƙa, wane tsari kika canza a ofis saboda kin ga mutane na ɓacewa a wani mataki. Ki zaɓi mutum ɗaya cikin waɗanda kika taimaka, ki sauya duk abin da zai sa a gane shi, ki nuna abin da kika yi dabam da abin da kika yi ranar Baba. Wataƙila kin ce a dakata, a nemi ɗage zama har a samu tafinta. Wannan jimla ɗaya ta fi sakin layi guda na cewa kin girma kin yi hankali. Hattara da abu ɗaya: ke ba lauya ba ce tukuna, kuma laifi ne mutum ya ba da shawarar shari'a ba tare da lasisi ba. Ki rubuta cewa kin fassara, kin raka, kin haɗa su da lauya, kada alƙalaminki ya zame ya nuna kamar ke kika gaya musu abin da doka ta ce su yi.

Na san tarbiyyar gida za ta riƙe miki hannu a wannan sashe, an ce yabon kai jahilci. Maganinsa ki bar siffa ki kama aiki. "Ni mai jajircewa ce" yabon kai ne. "Na koma ofishin sau huɗu kafin aka ba mu kwafin fayil ɗin" rahoto ne, mai karatu ne zai yanke hukunci da kansa.

Sakin layi na ƙarshe ya amsa tambaya ɗaya: me ya sa sai lauya? Mai son taimakon masu haya na iya zama ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ko 'yar jarida ko ta ci gaba da aikin da take yi. Ki nuna bangon da kika ci karo da shi, inda aikin tafinta ya ƙare dole ki ja baya ki yi shiru domin ba ki da ikon magana a gaban alƙali. Kin kuma yi sa'a garinku yana da abin da za ki jingina da shi: a 2017 New York ta zama birni na farko a Amurka da ya kafa dokar bai wa masu haya marasa ƙarfi lauya kyauta idan ana neman fitar da su. Ke da kike ganin yadda dokar ke aiki a ƙasa, kina da abin faɗa game da inda take kaiwa da inda ba ta kai ba, kuma karatunki na tattalin arziki zai taimaka. Jimla biyu ko uku, a matsayin tambayar da kike son bi. Kada ki koya wa malaman doka doka, kada ki buɗe da maganar Mandela ko Martin Luther King, kada ki yi alkawarin gyara duniya. Ba dole ba ne ki rantse cewa dokar gidaje za ki yi har ritaya, ɗalibai da yawa suna canza fanni, kwamiti ma ya sani.

Maganar makin shekara ta biyu kada ta shiga nan ko kaɗan, za ta karkatar da takardar ta koma ba da uzuri. Akwai gurbin ƙarin bayani da makarantu ke bayarwa don irin wannan. Jimla huɗu ko biyar: daga wata kaza zuwa wata kaza mahaifiyata ta kwanta asibiti, ni ce mai jinya, makina ya sauka zuwa kaza, daga zango na gaba ya koma kaza. Ba roƙo, ba dogon bayani, lambobin za su yi magana.

Game da ƙawarki, makarantu sun sha bamban. A 2023 makarantar lauya ta Jami'ar Michigan ta hana amfani da ChatGPT wajen rubuta takardun nema, ta Jami'ar Jihar Arizona kuma ta halatta. Dokokin suna canzawa, kuma a ƙarshen fom za ki sa hannu cewa abin da kika bayar gaskiya ne kuma kin bi ƙa'idarsu, don haka ki karanta ta kowace makaranta. Ko inda aka halatta, na'urar ba ta tsaya a barandar nan ba. Abin da za ta ba ki Turanci ne mai santsi wanda ya yi kama da na kowa, alhali duk darajar takardarki a cikin abin da ba na kowa ba take. Haka ma masu karɓar kuɗi su rubuta wa mutum.

Ki karanta umarnin kowace makaranta kafin ki fara, domin "shafi biyu" ba doka ba ce a ko'ina. Harvard ta raba nata gida biyu tun 2023, ɗaya kan manufarki ta karatun lauya, ɗaya kan yadda rayuwarki ta gina mahangarki. Yale na neman ƙarin gajeren rubutu na kalma 250 kan wani batu da ya dame ki. Berkeley takan ba da dama har shafi huɗu. Inda aka ba da gurbi na biyu irin na mahanga, a can zancen Kumasi da zango da hijabi da zaman sasancin kakanku zai samu fili sosai, kin ga Baba da Yaya duka sun samu rabonsu ba tare da an cushe komai a wuri ɗaya ba. Idan za ki ambaci sunan makaranta, ki ajiye fayil dabam ga kowacce, ki duba sunan sau biyu. Aika wa wata makaranta takarda mai ɗauke da sunan wata kuskure ne da ake yi duk shekara.

Ga masu karatu da suka yi digirin lauya a Najeriya ko Ghana suke neman digiri na biyu na shekara ɗaya a Amurka ko Ingila, ma'aunin ya ɗan bambanta. A can an riga an san kai lauya ne, abin da ake so a ji shi ne wace matsalar doka kake son zurfafawa, waɗanne darussa da malamai ne suka ja ka zuwa makarantar, da abin da za ka yi da ilimin idan ka koma. Labarin yarinta ya ragu, batun ilimi ya ƙaru.

Ana buɗe nema wajen watan Satumba, kuma yawancin makarantu suna duba fayil ne yadda yake shigowa, kujeru da kuɗin tallafi suna raguwa a hankali. Ki yi niyyar aikawa kafin ƙarshen Nuwamba. Ki ba rubutun mako shida. Zubin farko ki sake hannu ki rubuta shafi huɗu ko biyar ba tare da gyara ba, ki ajiye shi kwana uku, sannan ki yanke. Sau da yawa sakin layin farko gaba ɗaya share fage ne, takardar ta gaskiya a na biyu take farawa. Ki karanta da ƙarfi, duk inda numfashinki ya yanke jimlar ta yi tsawo, duk kalmar da ba za ki faɗa da baki ba ki cire ta. Mutum biyu kawai za ki ba su duba: wanda ya san ki sosai, ki tambaye shi ko wannan muryarki ce, da wanda bai san ki ba, kamar mai ba da shawara kan karatun lauya a tsohuwar jami'arki, ki ce ya faɗa miki a jimla ɗaya wace ce ya gani. Idan masu gyara suka kai biyar, kowa zai cire abin da bai yi masa ba, a bar ki da takarda marar gishiri.

Saura Baba, kuma kada ki aika komai a bayan idonsa, domin labarin nasa ne kamar yadda yake naki. Ki gane abin da ke ci masa rai: magidanci ne da aka ci da takarda a gaban 'yarsa, kuma yana jin za a karanta wannan a wani ofis a ga gazawarsa. Ki rubuta zubin tukuna, ki same shi shi kaɗai, ba a gaban Yaya ba, ki fassara masa da Hausa layi bayan layi. Ki gaya masa takardar ba a wallafa ta, masu tantancewa ne kawai ke gani, kuma babu sunansa, babu adadin bashin, babu dalilin da ya sa aka shiga bashin. Ki tabbata kin rubuta shi yadda yake, mutumin da ya je kotu da kansa don ya kare gidansa, aka ba shi minti biyar da harshen da ba nasa ba. Idan Mama ko wani kawu da yake jin maganarsa zai sa baki, ki nemi taimakonsu. In ya ji ya amince, alhamdu lillahi. In ya ce a'a, kada ki ja da shi: ki buɗe takardar da ɗaya daga cikin iyalan da kika raka a wurin aiki, bayan kin ɓoye kamanninsu, ranar barandar kuma ta koma jimla ɗaya, cewa kin fara tafinta a kotu kina 'yar shekara 15 ga wani na gida. Sauran ginin duka yana nan yadda yake.